Yaya zuciya ke daidaita jinin da take harbawa?

Duk 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, likitoci a Abuja kan yi ta maganar "gazawar zuciya". Wane aiki ne take gazawa a kai?

Zuciyar baligi mai hutawa na harba kusan lita 5 na jini a minti ɗaya: bugu wajen 70, kowanne kimanin mililita 70. In ya sheƙa da gudu, adadin kan ninka sau huɗu.

Ƙwaƙwalwa da sinadarin adirenalin kan ƙara saurin bugun. Sai dai zuciyar ma tana da dabararta: idan jinin da ya dawo mata ya yi yawa, tsokarta kan miƙe, ta matso da ƙarfi, kamar danƙon harbin tsuntsu. Masana na kiran wannan dabara dokar Frank da Starling.

Hawan jinin da aka yi sakaci da shi na kaurara tsokar har ta raunana, ta gaza wannan aiki na harba jini. Binciken likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen haddasa gazawar zuciya a tsakanin majinyatansu. Masu jego ma na cikin haɗari. Duk mai yawan haki da kumburin ƙafa, ya garzaya asibiti.