Masaukin Fari A Tsohuwar Hanyar Makka

Kafin jirgin sama ya soma ɗaukar alhazanmu cikin shekarun 1950, yawancin masu niyyar Haji daga ƙasar nan da ƙafa suke tafiya. Daga Kano sukan nufi Maiduguri, su bi ta Dikwa, su haye kogi zuwa Fort Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Sa'an nan sai Abeshe, da Junaina, da Fashir, har Ubayyid, inda reluwe ta kai a 1912. Daga can mai hali ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya, ya ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda.

Mu a ganinmu, dacewa da rashin dacewa a wannan doguwar tafiya tun daga masaukin fari suke somawa. In maniyyaci ya iso Maiduguri, abin da yakan fara tambaya shi ne unguwar Hausari, a kai shi wurin fatoma, watau mai masaukin baƙi. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya karɓi ajiyarsa, ya yi masa tafinta, ya kuma sayar masa da hajar da ya riƙo a bisa la'ada. Shi ne kuwa ya san ranar tashin ayari, da gidan da za a sauka a zangon gaba.

Sau da yawa zaman yakan yi tsawo, domin da damina taɓo yakan toshe hanyar gabas. Wannan jira bai zama asara ba. A zaure, bayan sallar lisha, mutane ke sanin halin juna, a gane mai haƙuri da mai riƙon amana. Akan so ayari ya haɗa malami da wanzami da maɗinki, gama guzurin gida ba ya kai mutum Makka, sai da sana'a a hanya. Wanda ya yi garaje ya bi wanda bai sani ba, shi akan yashe a tsakiyar hanya ba kuɗi, ba ɗan'uwa.

Waɗansu zangunan har sun zama garuruwa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya wuce gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, maniyyata da yawa suka tsaya aikin auduga a Jazira don su tara kuɗin jirgi. Waɗansu sun shekara goma a hanya, waɗansu kuwa can suka zauna.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da ma'aikata, duk wanda ke da tsoho a garinsu wanda ya bi hanyar nan, ko ya ji labarinta daga bakin iyayensa, ya zauna da shi ya rubuta sunayen zanguna da na masu masauki tun ana iyawa. Maniyyatan bana kuma, ko da yake sa'o'i kaɗan ke kai su Jidda, su lura da abokin ɗaki da abokin ɗawafi kamar yadda magabata suka yi. Allah ya sa mu dace, amin.