Daga Kano Zuwa Jidda: Mil Nawa, Awa Nawa?

Kowace shekara idan lokacin aikin Haji ya gabato, tambayar da ke bakin maniyyata a ƙasar Gaya da Ajingi ita ce, awa nawa jirgin sama ke yi kafin ya kai Jidda? Amsar tana cikin lissafi, wanda ɗan makaranta ma zai iya yi wa mahaifinsa.

Tsakanin Kano da Jidda, in an miƙe sak, akwai wajen mil 2,100, watau kilomita 3,400. Jirgin zamani kuwa yana cin kamar mil 500 a awa guda. In an raba, a sami awa huɗu da 'yan mintoci. Sa'an nan a ƙara lokacin tashi da na sauka, sai ya kama awa huɗu da rabi zuwa biyar. Mil 40 ɗin nan da ke tsakanin Gaya da Kano, a minti biyar jirgi zai shafe su.

Kakanninmu a ƙasa suka bi wannan nisa. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su kai Hartum, sa'an nan su shiga jirgin ruwa a Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Waɗansu kan shekara da shekaru bisa hanya, suna noma da ƙodago don neman guzuri. Da yawa ba su komo ba, ga zuriyarsu can a Sudan har yau. Sai a shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano, guda uku, na sojan Ingila, daga Masar suka taso.

To, amma akwai abu biyu da ya kamata maniyyaci ya kiyaye. Na fari, ba kullum jirgi ke samun miƙewa ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi kuma ya hau.

Na biyu, agogon Jidda yana gaba da namu da awa biyu, don kuwa rana tana riga fito musu. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa huɗu da rabi a sama, agogonsa zai nuna 2 da rabi, alhali a Jidda 4 da rabi ta yi. Shi yana tsammani Azahar ce, ashe La'asar ta riga ta shiga.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantu su sa wa yara wannan lissafi a aji, su kuwa yaran su kai shi gida. Alhaji kuma, da zarar ya sauka, ya fara gyara agogonsa tukuna.