Daga Sanam zuwa Yamai: kwana huɗu na buɗe ido ba tare da gaggawa ba

Ɗan kasuwar Sanam ya san Yamai, ma'aikacin gwamnati ma haka. Amma in aka bincika wannan sani, sai a tarar bai wuce tashar mota ba, da kasuwar Katako, da ƙofar wani buro inda aka yini jiran sa hannu, da barandar babbar asibiti. Mutum ya yi shekara ashirin yana zuwa birnin, bai taɓa zama bakin kogi ya ga faɗuwar rana ba, ƴaƴansa kuwa a littafin lakwal kaɗai suka san babban birnin ƙasarsu. Mafi yawan mutanen Kurfai lalura ce take kai su Yamai, mai lalura kuwa ba ya ɗaga kai. Alhali kwana huɗu sun isa magidanci ya kai iyalinsa su ga gari, su ci mai daɗi, su komo gida aljihu bai yage ba, muddin an yi shiri tun daga gida.

Lokacin da ya dace

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu babu lokacin da ya fi. An gama girbi, gero da wake sun shiga rumbu, ƴan lakwal suna samun hutun ƙarshen shekara, ma'aikaci kuma yana iya daidaita konjensa da nasu. Sanyi ya sauka, mutum yana iya yawo da ƙafa har hantsi. Kogin Isa kuma yana cike, domin ambaliyarsa biyu ce a Yamai: ta damina mai jan ruwa, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a unguwannin bakin kogi a 2020, da kuma ta ruwan da ke tasowa daga duwatsun ƙasar Gine, wanda sai cikin sanyi yake isowa a hankali. Wanda ya jira Afrilu ko Mayu zai tarar da mangwaro da arha, amma zafi yakan haura digiri 40, yawon kuma ya koma neman inuwa.

Hanya da takardu

Tafiyar ta haura kilomita 250, daga cikinsu wajen 180 tsakanin Filinge da Yamai, bisa hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ke bin kwarin Dallol Boso ta Bonkuku da Baleyara. A nan ne ake bukatar natsuwa fiye da ko'ina. Sanam tana cikin gundumar Abala, wadda aka sanya cikin dokar ta-ɓaci tun watan Maris na 2017 sabili da matsalar tsaro, kuma babu mutumin yankin da ke bukatar a bayyana masa abin da wannan ke nufi. Mai hankali yakan tambayi direbobin tasha labarin hanya kwana ɗaya kafin tashi, ya bi umurnin hukuma game da lokutan zirga-zirga, ya tashi da safe domin rana ta faɗi yana masauki. In labarin bai yi daɗi ba, a ɗaga tafiyar. Yamai ba za ta gudu ba.

Kowane babba ya riƙe katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, yara kuma takardar haihuwa ko katin lakwal, gama shingayen bincike suna da yawa. Kuɗi kuwa babu dalilin ɗaura su duka a ƙugu. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza sun sauƙaƙa wannan: mutum ya aika wa kansa, ya riƙa karɓa kaɗan-kaɗan a birni. Kafin tashi a raba guzurin kashi huɗu: kuɗin mota zuwa da komowa, waɗanda ba a taɓa su ko da me, na abinci da taksi, na tsaraba, da na ko-ta-kwana. Wanda bai ware kuɗin komowa ba tun farko, shi ne ake gani ranar ƙarshe yana zagayen ƴan garinsu neman rance.

Maganar masauki

Bakurfe da wuya ya rasa ɗan'uwa a Yamai, a nan kuma ake yawan yin kuskure. Mai masaukin ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata, a gidan haya, ruwan pampo da kuran duka da kuɗi. Baƙi biyar da suka sauka babu sanarwa suna iya cinye masa cefanen mako biyu cikin kwana huɗu, kunya kuma ba za ta bari ya faɗa ba. Saboda haka a sanar da shi tun da wuri, a faɗi ranar zuwa da ranar komowa, a zo da gero ko wake, da man shanu, cuku ko zabi, a kuma ci abincin rana a waje. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, raɓa kuwa ba ta kai azahar. Wanda ke da hali ya kama ɗaki a ƙaramin otel, ya je ya gai da dangi da hannu cike, zumunci ya fi ɗorewa.

Ƙa'idar yawon guda ce: wuri ɗaya da safe, hutu daga azahar zuwa la'asar, wuri ɗaya da marece. Birnin da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan ɗaya ba a gama shi cikin mako guda, mai son ganin kome kuwa gajiya kaɗai yake kwasa. In an sauka ranar Talata, ga yadda kwanakin za su iya kasancewa.

Laraba: Mize da bakin kogi

Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda kowa ke kira Mize, an buɗe shi a 1959, kuma shi kaɗai ya isa safiya guda. Yara za su ruga wajen zakuna, kuraye da dorina, amma ya kamata babba ya ja su zuwa ɗakunan nuni. Akwai tufafin gargajiya na ƙabilun Nijar, da kayan kiɗa da makamai, da gidajen Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Buzaye da aka gina kamar yadda suke a karkara. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin jahar Agadas, har da na wani kada mai tsawon kusan mita goma. A nan kuma aka ajiye itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin hamada tana nuna wa ayarin gishiri hanya, har wata mota ta kayar da ita a 1973. Cikin harabar maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Ranar farko ta tambayar farashi ce, saye sai daga baya.

Da la'asar sakaliya sai a gangara bakin kogi, ko ta Gamkale inda majema suke, ko ta Yantala mai lambuna. Masu kwale-kwale suna zagayawa da mutane. A shirya kuɗi kafin a shiga, kada a yarda da jirgin da aka cika fiye da kima, kada kuma a matsa wa mai tuƙi ya kusanci dorina. Wanda ba ya son ruwa ya zauna a gaɓa ya kalli jemagu suna ƙetare kogi garke-garke da magariba, wannan kallo kyauta ne.

Alhamis: ranar kasuwa

Babbar kasuwa, Habu Bene a bakin Zabarmawa, gobara ta cinye ta a 1982, aka sake gina ta aka buɗe a 1987. Ita ce ta atamfa, shadda, takalma da kayan ɗaki, ranar ta uwargida ce, kuma maigida mai hikima ba ya duba agogo. Wanda ya daɗe bai zo ba kada ya nemi Ƙaramar kasuwa, Habu Ganda, a inda ya san ta, wuta ta tashe ta a 2012. Kayan sana'ar hannu kuwa, jakunkunan fata da zobban azurfa, akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata.

Mutumin Kurfai yana da sa'a, domin kunnensa ya saba da Zabarmanci, Hausa kuma tana shiga ko'ina a Yamai. Sai dai a kula da lissafi. Da dala ake ƙirge a harsunan biyu: waranka dala ashirin ne, watau sefa 100, zangu dala ɗari, watau 500, amma zambar fo ba jika ɗaya ba ce, jika biyar ce. Taksi kuma na haɗaka ne: mutum ya faɗi inda za shi ta taga, direba ya tsaya ko ya wuce, nesa kuma kuɗin zango biyu take ci. Direbobi da shataletale, kasuwanni da tankunan ruwa suke gane wuri, ba da sunan titi ba. Sunayen ma wasu sun sake: a watan Oktoba na 2024 titin Sharl de Gol ya koma titin Jibo Bakari, wanda ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956.

Juma'a: masallaci da abinci

Babban masallacin Juma'a, wanda ƙasar Libiya ta ba da kuɗin gina shi cikin shekarun 1970, har mutane ke kiran sa masallacin Kaddafi, yana da hasumiya mai matakala 171. A je da wuri domin samun sahu cikin inuwa. Bayan salla ma'aikatu sun tashi, mai masauki ya samu sarari, ranar ce ta gayyatar sa da iyalinsa cin abinci a waje, baƙo ya biya.

Abincin Yamai shi ne rabin tafiyar, mafi daɗinsa kuma ba a manyan gidajen abinci yake ba. Da safe akwai koko da ƙosai, da fari masa na matan Zabarmawa, da mai shayi da buredi da ƙwai a kowace kusurwa. Da rana dambu da zogale, ko kopto, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, wanda ke ƙosarwa da kuɗi kaɗan. Wanda ya taso inda kifi sai busasshe, bai kamata ya bar gari bai ci giwan ruwa ko karfasa da aka kamo ranar ba, soyayye ko gasasshe. Birnin kuma ya tara baƙi daga ƙasashen yamma: ƴan Senegal da shinkafarsu ta kifi da yasa, ƴan Kodebuwa da aceke, matan Togo da Benin da tuwon masara da miyar yaji. Da dare tsire da balangu da gasassun zabi, a kora da sobo ko lemu hari mai citta. Dokar cin abincin titi ba ta sake ba: inda jama'a suka yi layi, inda tukunya ke bisa wuta. Ɗanyen salati da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, a bar wa ƴan gari, gama ciwon ciki na yini ɗaya ya isa ya rushe tafiyar duka.

Asabar: ƙetaren gada

Gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970, ita kaɗai ce ta haɗa gaɓa biyu na birnin har shekara arba'in, kafin gadar abutar Sin da Nijar a 2011 da ta Janar Seyni Kunce a 2021. A bakinta ne aka harbe ɗalibai uku ranar 9 ga Fabrairu 1990, abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 29 ga Yuli 1991. Uban da ya tsaya da ɗansa a wurin ya ba shi wannan labari, ya koya masa darasin da ba zai manta ba. Daga can Harobanda ce, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Yaron Sanam da ya ga ƙofarta da idonsa, ya ga ɗalibai irinsa suna shiga da fita, karatu yana iya zame masa abin da ake kaiwa gare shi. A tuna dai, ba a ɗaukar hoton gadoji, barikokin soja da gine-ginen hukuma.

Wasu za su so ƙarawa da raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 bisa hanyar Doso. A can ne aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agusta 2020, don haka mai iyali kada ya sa wurin cikin shirinsa sai da izini da shawarar hukuma. Maraicen Asabar na tsaraba ne: kilishi, ja ko fari, a saye shi a ƙarshe, a sa a yanka a gaban mai saye, a naɗe cikin takarda, sai dabino, sabulu, turmin zane na tsohuwa, da littafi ko biyu na yara.

Lahadi ce ranar kasuwar Baleyara da ta Filinge, motoci suna yawaita bisa hanya tun da asuba, ita ce ranar komowa. Dillalan dabbobi sun san Baleyara, amma mai iyali kada kasuwa ta ruɗe shi ya yi marece a can. Sauran tafiya tana da tsawo, kuma so ake a yi la'asar a gida. Abin da aka kashe wataƙila ya kai kuɗin rago, wani ma zai ce ɓarna ce. Amma rago ana sake kiwon wani, yaro kuwa sau ɗaya yake shekara goma, kuma abin da ya gani a Mize da bakin Isa zai daɗe yana ba abokansa labari a dandali. Allah shi kiyaye hanya, shi maido da kwanciyar hankali a ƙasar Kurfai da Nijar baki ɗaya.