Kafin ki saka inji a cikin zoɓonki

Ana saura 'yan kwanaki azumi wata maƙwabciyarmu a nan Gyaɗi-Gyaɗi ta aiko ƙaramin ɗanta ya kira ni. Shekarunta sun kai goma tana sana'ar zoɓo da kunun aya, ciniki kuma ya buɗe har ana zuwa sari daga Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku. Da moɗa da mazurari take cika goruna, bayanta ya fara ciwo, sai babban ɗanta ya tausaya mata ya sayo wani ɗan injin jan ruwa na hannu, irin wanda ake tura ruwa tankin saman ɗaki da shi.

"Malam, ɗanɗana ka ji," in ji ta, ta miƙo mini kofi. "Tun da yaron nan ya kawo injin nan zoɓona ya canza. Ga shi ya yi duhu, ga wani ƙarni-ƙarni kamar an tsotsi ƙusa."

Na ce, "Hajiya, a kawo sukuddireba mu buɗe kansa."

Da muka buɗe, cikinsa baƙin ƙarfe ne ya yi jawur da tsatsa, farfelar da ke juya ruwan ta tagulla ce ta fara yin kore, a lungunan kuma ga wani yauƙi na tsohon kunun aya da ya kwana uku a ciki. Duk gorar da ta fita daga gidan a makon nan ta bi ta kan wannan.

Ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ga ya dace a yi maganar a fili. Masu zoɓo, masu lemon citta da tsamiya, masu yogot na gida, da yawa sun kai matsayin da hannu ba ya isa, suna neman inji. Kuskuren da ake yi ɗaya ne: ana ɗauka duk injin da ya ja ruwa zai ja abin sha. Ruwan rijiya ba shi da tsami, ba shi da sukari, ba shi da zafi. Zoɓo kuwa tsaminsa ya kusa na lemon tsami, sau da yawa da zafinsa ake tace shi, kuma in an zuba sukari ya zama abincin ƙwayoyin cuta.

Tsamin nan shi ne babban abin lura, domin yana cin ƙarfe. In ya zauna a kan baƙin ƙarfe sai ya ɗebo tsatsa, shi ne duhun da Hajiya ta gani, don launin zoɓo yana juyawa in ya haɗu da ƙarfe. Wannan ma da sauƙi, tunda ido yana gani, harshe yana ji. Wanda ba a gani shi ne dalma. Tagullar da ake yin farfela da kan famfo da mahaɗin bututu da ita, an saba zuba mata dalma kaɗan don ta yi daɗin sassaƙa a masana'anta. A Amurka, kafin shekarar 2014 doka ta yarda kayan famfo su ƙunshi dalma har kashi 8 cikin ɗari kuma a kira su marasa dalma. Daga Janairun 2014 aka mayar da iyakar kashi 0.25. To kayan tagullar da ake zubawa a tire a kasuwanninmu, ba takarda ba suna, wa ya auna su? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jikin mutum da za a ce ba shi da illa, kuma yara ta fi yi wa ɓarna, tana taɓa ƙwaƙwalwarsu a hankali ba tare da zazzaɓi ko amai da zai sa uwa ta farga ba. Mu a Arewa ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya. Ba ina cewa farfela ɗaya za ta yi irin wannan ta'asa ba. Amma su wa suka fi shan zoɓon leda da na gora a ƙofar makaranta? Yara ne.

Abin mamaki, cikin waɗanda suka daɗe suna tattauna wannan matsala akwai masu dafa giya a gida a Turai da Amurka. Giya haramun ce a gare mu, a Kano kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000 ba ta da wurin zama, kowa ya sha ganin Hisba tana farfasa kwalabenta. Ba sana'arsu muke sha'awa ba. Sai dai tun da Amurka ta halatta musu yin ta a gida a 1978, sun shafe shekaru suna fama da irin tambayar Hajiya: yaya za a kwashe ruwa mai zafi, mai zaƙi, mai ɗan tsami daga wannan tukunya zuwa waccan ba tare da an gurɓata shi ba? Amsar da suka tsaya a kai ta shafi ƙarfe da roba ne, don haka tana yi wa mai zoɓo aiki.

Injin da suka fi yarda da shi shi ne mai juyawa da mayen ƙarfe, irin na kamfanonin March da Chugger. A injin ruwa na yau da kullum, sandar motar injin tana ratsawa har cikin inda ruwan yake, sai a sa wata roba ta toshe yoyo. In robar ta cinye, maiƙo da datti su shiga, abin sha ya fita. A mai mayen ƙarfe babu wannan rami ko kaɗan. Motar tana waje tana juya wani maganaɗisu, shi kuma yana jan farfelar da ke cikin rufaffen kai. Kan nan ana yin sa da ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da wata roba mai jure tafasasshen ruwa, kuma da 'yan kusoshi kaɗan ake kwance shi a wanke. Amma yana da halinsa. Ba ya tsotso da kansa, dole a ajiye shi ƙasa da duron don ruwan ya gangaro ya cika shi kafin a kunna. In aka bar shi yana juyawa babu ruwa, cikin ɗan lokaci zai lalace. In ana son rage gudun ruwa, a bakin fita ake sa makunnin. Wanda ya shaƙe bakin shiga zai ji injin yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, musamman in ruwan na da zafi sosai. Ga kuma wani tarko ga masu sa 'yan uwa su aiko musu daga waje: na kasuwar Amurka yawanci wutar 110 zuwa 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce. Sai a tabbatar an sayi na wutarmu.

Akwai kuma ɗan ƙaramin nan mai aiki da batir ko sola, mai wutar 12, wanda ke bugawa kamar zuciya. Ganin halin da wutar lantarki take ciki, shi ne ya fi jan hankalin mutane, yana da araha, yana tsotso da kansa ko da an ɗora shi sama da duro. Ga zoɓon da ya huce kuma aka tace shi tas, ba laifi, in dai an rubuta a jikinsa cewa na ruwan sha ne. Yawancinsu ba sa son zafin da ya wuce digiri 60. Ga kunun aya kuwa ban ba da shawararsa ba sam. A cikinsa akwai wasu 'yan ƙananan robobi masu buɗewa da rufewa, tsakin aya yana maƙalewa a ƙarƙashinsu, kuma ba mai kwance shi kullum.

Wanda ya fi burge ni shi ne mai matsa tiyo. Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, nan bakin titin Zariya, ya ga irinsa: wasu 'yan tayoyi suna zagayawa suna matsa tiyo, jini yana tafiya, ba tare da ya taɓa ƙarfen injin ba. Haka na abin sha yake. Tiyon kaɗai zoɓo yake taɓawa, in ya tsufa a yar a sa sabo. Ba shi da sauri, amma wurin cika gora daidai wa daida babu kamarsa. Matsalarsa tsada da wahalar samu.

Su kuwa sumo na rijiyar burtsatse, da famfon cikin na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa, da wanda ake cirowa daga tsohon injin wanki, da famfon man mota, waɗannan kada ma a fara. Wasu sumo ɗin akwai mai a cikin motarsu. Injin da aka sayo na hannu kuma ba ki san abin da ya ja ba kafin ya zo gare ki. Wataƙila gas ne, wataƙila ruwan kwata, wataƙila sinadarin majema.

Ko an sayi injin kirki, tiyo yana iya ɓata aikin. Tiyon ban ruwan fulawa da farin nan mai arha suna yin laushi in sun ji zafi, suna sakin warin roba a cikin abin sha. Na silikon shi ne mai jure tafasa. Game da ƙarfen da ba ya tsatsa, a nemi wanda aka buga wa lamba 304 ko 316. Mutane suna gwadawa da mayen ƙarfe, in bai kama ba su ce mai kyau ne. Wannan gwaji yana fallasa baƙin ƙarfen da aka shafa wa ƙyalli, amma bai isa ba, don akwai mai arha, lamba 201, shi ma mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai, kuma bai kai 304 jure tsami ba.

Sai wanki, wanda a nan ne ma aka fi faɗuwa. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, wasu ƙwayoyin cutar suna ninka kansu cikin kamar minti 20. Kunun aya da yogot sun fi komai saurin karɓarsu. Zuba ruwa a kunna inji ya ɗauraye ba wanki ba ne, domin yauƙin da ke manne a bango ba ya fita sai an goge. Da an gama aiki a ɗauraye nan take kafin ya bushe, a zagaya ruwan ɗumi da sabulu, a kwance kan a sa buroshi, a rataye tiyo ya tsane. Injin da ba za a iya buɗe shi a ga cikinsa ba, bai dace da abin da mutum zai sha ba, komai kyansa. Kuma tunda wuri ne na ruwa da jiƙaƙƙen hannu, a sa mai gyaran wuta ya haɗa masa wayar ƙasa, kada a bar soket a kan siminti.

Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gurɓataccen sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Ba inji ne ya jawo wannan ba, amma a makonnin da suka biyo baya har masu sana'ar tsakani da Allah sai da cinikinsu ya tsaya, don mai saye ba ya bambance gora da gora.

Ita Hajiya a ƙarshe ba ta sayi wani injin ba. Mun auna aikinta muka ga bai wuce duro biyu a rana ba. Aka kira mai walda ya yi mata teburin ƙarfe mai tsayi, aka ɗora sabon duron roba na abinci wanda ba a taɓa zuba sinadari a ciki ba, aka sa masa kan famfo na roba da guntun tiyon silikon. Yanzu tana zaune a kujera take cika gorunanta, ba ruwanta da wuta ko batir. Tsohon injin ya koma tura ruwan wanki zuwa tanki.

'Yar uwa mai sana'a, in aikinki ya fi ƙarfin wannan dabara har dole sai inji, ki sa mai sayarwa ya buɗe miki kansa a gabanki kafin ki biya. In ya ƙi, ki bar masa kayansa.