Ciwon Dasashi: Ganewa da Magani a Tsakanin Hausawan Gadarif

1.0 Gabatarwa

Dasashi shi ne naman da ya rufe gindin haƙora. Hausawan Gadarif a gabashin Sudan, waɗanda hanyar hajji ta kai kakannin da yawa daga cikinsu can, sukan ji likita ya kira shi da Larabci "litha". Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa ciwon dasashi mai tsanani ya kama kimanin mutum biliyan ɗaya.

2.0 Musabbabi

Ƙwayoyin cuta sukan taru a gindin haƙori. Idan ba a goge ba, sai dauɗar ta daskare, dasashi ya kumbura, ya riƙa zubar da jini. A wannan mataki ana warkewa sarai. In aka yi sake, ciwon yakan ci ƙashin muƙamuƙi, haƙori ya yi girgiɗi, ya faɗi. Ciwon sukari da taba, har da tumbak ɗin da ake cusawa a leɓe, suna ƙara ta'azzara shi.

3.0 Ganewa

Likita yakan zura siririn ƙarfe mai ma'auni tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin milimita 1 zuwa 3 alamar lafiya ne. Idan ya wuce haka, akan ɗauki hoto a duba ƙashi.

4.0 Magani

Akan kankare dauɗar har ƙarƙashin dasashi, wani lokaci a yi aiki. Sauran ya rage ga majinyaci: buroshi sau biyu kullum, da aswakin itacen arak. Ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa da kansa, don haka jini a jikin aswaki ya isa dalilin ganin likita.