Makaranta a bakin gadon asibiti

Shirinmu na wannan mako ya taɓo wata tambaya da ba kasafai ake yin ta a ɗakin jinya ba: yaron da ya kwanta asibiti wata biyu ko uku, ina karatunsa yake kwana?

Iyaye sukan ce lafiya uwar jiki, bari ya warke tukuna. Gaskiya ne. Sai dai sau da yawa ciwon yakan tafi, giɓin karatun ya zauna. Yaro ya koma aji ya tarar an wuce shi da zango guda, ya faɗi jarrabawa, a ce ya maimaita aji tare da ƙannensa. Daga nan sai kunya, sai ka gan shi bayan shanu ko a tasha yana tallar ruwa, an rufe babin boko ke nan.

Wasu ƙasashe sun daɗe da neman maganin wannan. A Faransa, tun 1929 wata mata mai suna Marie-Louise Imbert ta kafa ƙungiyar malamai 'yan sa-kai masu bin yara har gadon asibiti a Paris, kuma ƙungiyar tana nan har yau. A Ingila abin ya zama doka: idan ciwo zai hana yaro zuwa makaranta kwana 15 ko fiye, wajibi ne hukumar yankinsa ta shirya masa karatu, a asibiti ko a gida. Ku lura, kwanakin nan ba sai a jere ba, ana tara su ne cikin shekarar karatu. Wannan ya burge ni, domin ya yi daidai da halin mai sikila, wanda zai kwanta kwana huɗu yau, ya tashi, bayan wata guda ciwon ya sake kayar da shi. Brazil ma ta sa haƙƙin ɗalibi mai jinya cikin dokar iliminta a 2018.

To yaya karatun yake gudana? Ba aji ba ne irin wanda kuka sani, mai allo da bulala. Malamin asibiti da safe yakan fara tambayar nas wane yaro ne ya samu barci, wane ne za a shiga da shi tiyata. Mai iya tashi a kai shi wani ɗan ɗaki tare da 'yan'uwansa, wani ma da robar ƙarin ruwa a hannu. Wanda ba ya iya tashi, malam ya jawo kujera bakin gadonsa, su yi rabin awa ko awa guda, gwargwadon ƙarfinsa. Babban aikin malamin kuwa shi ne tuntuɓar makarantar yaron ta gida: ina aka tsaya a lissafi, wane littafi ake karantawa. In babu wannan igiya, karatun asibiti ya zama hira kawai.

A Beljiyam akwai wata ƙungiya, Bednet, da aka kafa a 2004. Su kamara da kwamfuta suke ajiyewa a ajin yaron, shi kuma daga gadonsa yana ganin allo ta intanet, yana jin malam, har ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Japan kuma tana da azuzuwa cikin asibitoci, amma galibi sai an cire sunan yaro daga makarantarsa an mai da shi rajistar makarantar asibitin. Ga alama ƙaramin abu ne, amma yana wahalar da matasa 'yan babbar sakandare, waɗanda darussansu ke da yawa kuma jarrabawa ke jiransu. Ko a ƙasashen masu kuɗi, matashi ya fi ɗan firamare shan wuya a wannan fanni.

Mu dawo gida. Nijar da Nijeriya duka sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, wadda sashe na 28 nata ya ce ilimi haƙƙin kowane yaro ne, bai ware mara lafiya ba. Amma a yawancin asibitocinmu ba za ka ga malamin makaranta a ɗakin yara ba, alhali ga masu sikila, ga masu tarin fuka da maganinsu kan kai wata 6, ga masu karaya da ƙuna. Mu 'yan bakin iyaka muna da ƙarin matsala: yaron da ke lakwal a Maraɗi ko Ƙonni yana karatu da Faransanci, in aka kwantar da shi a Katsina ko Sakkwato, ko da akwai malami, da Turancin Ingilishi zai zo masa. Haka ɗan Jibiya ko Illela da aka kai Galmi.

Kuma tunanin makaranta ta bi yaro inda yake ba baƙo ba ne wajen makiyaya. A 1989 Nijeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya, mai hedikwata a Kaduna, don malami ya bi ruga. In malami zai iya bin garke, me zai hana shi bin gadon asibiti?

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da iyaye za su iya. Ranar da likita ya ce jinyar za ta ja, a sanar da hedimasta, ko darakta ga mutanen Nijar, a kuma karɓi takardar likita don kada a soke sunan yaro daga rajista. A sa littattafansa cikin kayan jinya tare da tabarma da fulas. Direba ko ɗan kasuwar da ke tsallaka iyaka ranar kasuwa zai iya kawo aikin aji ya koma da wanda aka yi. Mai babbar waya kuma ya roƙi malam ya ɗauki hoton allo ya turo ta WhatsApp. Ɗan makarantar allo ma a kai masa allonsa, wani babba ya riƙa biya masa. Sai dai a tambayi likita lokacin da yaro zai iya, kuma in ciwon mai yaɗuwa ne, a jira izininsa kafin abokan aji su zo dubiya.