Manhajojin Bincike a Shafunan Ciniki: Inda Suke Cin Karo da Juna

'Yan kasuwa da dama da suka buɗe shaguna a intanet sun gina su ne a kan manhajar WordPress, wadda aka fito da ita a 2003, kuma a yau take ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafunan duniya. Akwatin binciken da ke zuwa da ita ba ya duba komai sai kanun rubutu da taƙaitawarsa da gundarinsa. A shagon da ke amfani da WooCommerce, mai saye zai iya rubuta lambar kaya daidai, amma a ce masa babu.

Wannan gazawa ce ke tura masu shaguna ga ƙananan manhajojin da ake jonawa a jikin shafi, waɗanda aka fi sani da fulogin, irin su Relevanssi da SearchWP da ElasticPress. Galibinsu kan bi kayan shagon ɗaya bayan ɗaya su gina fihirisa tasu ta daban, sa'an nan su tare tambayar mai saye a hanya su amsa ta daga wannan fihirisa. Daga nan ne matsalolin ke tasowa.

Idan aka jona biyu a shafi guda, ko kuma zubin shafin ya zo da nasa tsarin binciken, dukkansu za su kama tambaya ɗaya, kowace na neman sauya ta. Wadda ta zo daga baya kan rushe aikin ta farko. Sakamakon kan fito fanko, ko shafi na biyu ya maimaita na farko, ko kuma tace kaya bisa farashi ya daina aiki. Abin takaicin shi ne ba kasafai kwamfuta ke nuna alamar kuskure ba. Mai saye dai ya ga babu kaya ya tafi wani shagon, mai shago kuwa bai sani ba.

Ita kanta fihirisar kwafi ce, kuma kwafi na iya tsufa. Inda aka shigar da sababbin farashi da yawa kai tsaye cikin rumbun bayanai ba tare da an sake gina ta ba, bincike zai iya ci gaba da nuna tsohon farashi ko kayan da suka ƙare. Haka nan manhajar da ke adana kwafin shafuka don sauri kan ƙara dagula lamarin. Ga kuma cin wuri: masu Relevanssi da kansu sun yi gargaɗin cewa fihirisarta na iya kai ninki uku na teburin da ke ɗauke da rubuce-rubucen shafin. Binciken nan take, wanda ke fito da sakamako tun mutum na cikin rubutu, shi ma yana aika buƙatu a jere ga saba, abin da kan durƙusar da shafin da ke zaman haya mai araha tare da wasu ɗaruruwa.

Mafitar da ake yawan bayarwa ita ce a mayar da aikin ga kamfanin waje, kamar Algolia da aka kafa a Faransa a 2012, wanda ke caji gwargwadon yawan bincike da yawan kayan da aka adana. Sai dai kuɗin waje ake biya. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka na kusan Naira 460 a farashin hukuma, amma a farkon 2024 ta haura Naira 1,500, wato kuɗin hidimar ya ninka sau uku ba tare da ciniki ya ƙaru ba. Kazalika hidimar na iya gushewa baki ɗaya, kamar yadda Google ya rufe Google Site Search a watan Afrilun 2018, masu shafuka suka koma neman madadi.

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga masu rubuta sunayen kaya da Hausa. Kwamfuta na ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ a matsayin haruffa masu zaman kansu, alhali yawancin masu saye na rubutu a waya ba tare da lanƙwasa ba. Wanda ya nemi “karfe” ba lalle ya ga “ƙarfe” ba. In kuma aka saita injin ya daidaita haruffan, kamar yadda Elasticsearch ke iya yi, to “baki” da “baƙi” sun zama kalma ɗaya. Ƙa'idojin gane jam'i da akasarin manhajojin ke zuwa da su na Ingilishi ne da wasu manyan harsuna, don haka “takalmi” da “takalma” sai an haɗa su da hannu a jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya.

Masu gyaran shafuka kan gano mai laifi ne ta hanyar kashe fulogin duka a kan kwafin gwaji, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ana neman kayan da aka tabbatar suna cikin shago, har a kai ga wadda ta ɓatar da su.